Mangoron Goggo Dija Ba Ya Cikin Ciniki

Bappa Sali, wan babanmu, dillalin gidaje ne a Mubi tun kafin a haife ni. Wata Asabar ya zo gidanmu a Nassarawo bayan azahar, ya tarar da yayana Hamma Buba da abokansa biyu a baranda suna kallon hotunan gidaje a waya. Ni ina gefe ina ɓarar gyaɗa. Hamma Buba ya gama karatu bai samu aiki ba, shi ne ya ce zai shiga dillanci, sai dai shi ejan yake kiran kansa.

"Bappa, aikin nan fa ya koma waya," in ji shi. "Ka ɗauki hoto, ka tura wa mutane, mai so ya kira, ka karɓi la'adarka. Ba sai mutum ya tsufa a kan babur ba."

Bappa ya sha ruwa tukuna. Sannan ya zazzage aljihunsa a kan tabarma. Akwai doguwar ƙusa wadda kanta ya yi sulɓi saboda riƙo, da igiya mai ɗan dutse ɗaure a bakinta, da goro biyu a cikin leda. Ya jera su, ya gyara zama. Abin da ke biye maganarsa ce, yadda na riƙe ta.

* * *

Wannan ƙusar ta girme ka, Buba. Da ita nake karta bango ta ƙasa, inda mai gida ba ya kallo. Idan ta yi ƙara, an sa siminti. Idan yashi ya zubo, to simintin gaisawa kawai ya yi da yashin ya wuce. Igiyar ta rijiya ce. Mai gida zai rantse maka rijiyarsa ba ta ƙafewa, kai kuma ka zura dutse a watan zafi ka ji ya bugi busasshiyar ƙasa. Goron kuwa na tsohuwar da ke maƙwabtaka ne. Kowace unguwa tana da ita, kuma ita ta san ko gidan na gado ne, da magada nawa, da wanda yake Legas bai san ana sayarwa ba. Wayarka ba za ta gaya maka wannan ba.

Wanda ya koya mini, marigayi Malam Hammajoda, shekara guda cur ina bin sa bai bar ni na buɗe baki gaban mai saye ba. Aikina riƙe keke. Idan mun fito sai ya tambaye ni abin da na gani. In ce na ga ɗaki uku da fenti mai kyau. Sai ya ce, "Fentin daga ina ya fara?" Na koma na duba, ashe daga ƙugu zuwa ƙasa kawai aka yi sabon fenti. Nan ruwan mayo, wato kogi, yake tsayawa da damina. Tun daga ranar, idan na shiga gida ƙafafun bango nake fara gaisarwa kafin mai gida.

Shekarar da rikici ya watsa garin nan kowa ya gudu, ku kuna yara. Da muka dawo, kowa mai sayarwa ne, babu mai saye. Wata bakwai ina sayar da albasa a bakin tasha. Abin da ya dawo da ni sana'a shi ne takardun mutane da yawa sun ƙone ko sun ɓace, sai jauro, mai unguwarmu, ya riƙa aikowa a kira ni in nuna inda iyakar wane ta tsaya. Ba a biya na. Amma bayan nan duk wanda zai sayi gida a ɓangaren nan sai an ce masa ya nemi Sali.

To duk da haka na taɓa yin kuskuren da ɗan koyo ba zai yi ba, kuma ina da furfura na yi shi. Shi zan ba ku.

Malama Kwanye 'yar Michika ce, ta koyar a firamare har ta yi ritaya. Ta daɗe tana jiran kuɗin sallamarta, da suka fito kuma sai mai gidan da take haya ya ce ɗansa zai yi aure, ta tashi ƙarshen wata. Kuɗin nan su ne iyakar abin da ta mallaka. Idan ta sayi gidan banza, babu na gyara. Idan ta tsaya ruwan ido, wata ya ƙare tana waje da jikoki biyu da awaki uku.

Ta zo mini da littafin rubutu da jan biro. Ta rubuta abu goma sha ɗaya da take so a gida. Ɗaki uku. Rijiya. Kusa da coci amma ba kusa da lasifika ba. Wurin awaki. Ƙofa ta kalli gabas. Kada a yi maƙwabtaka da mai injin niƙa. Ban tuna sauran ba, amma akwai tayil a ciki. Na tambaye ta nawa ne a hannu. Da ta faɗa sai na ce, "Malama, wannan gidan na san shi. Yana Abuja, kuma kuɗinki na get ɗinsa ne."

Ta ce, "Malam Sali, ni ban zo wasa ba."

Gida tara na nuna mata a mako biyu. Kowanne sai ta tsaya a tsakar gida ta ba shi maki, a gaban mai gidan. Wani alhaji ya leƙa littafin ya ga an ba gidansa uku cikin goma, an kuma ja layi biyu a ƙasa. Har yau ba ya amsa sallamata da kyau.

Na goma shi ne gidan Umaru tela, nan bayan makarantar allo ta Nassarawo. Zai koma Yola da iyalinsa. Ɗaki biyu ne da kicin, babu tayil, ƙofa tana kallon inda ta ga dama. Amma ƙusata ta yi ƙara a bango, dutsena ya taɓa ruwa, kuma a tsakar gidan akwai wani mangoro da inuwarsa ta rufe rabin gidan. Lokacin zafi ne, ƙarfe biyu na rana muka shiga. Malama ta tsaya a ƙarƙashinsa, ta cire ɗankwali ta yi fifita, ta sake ɗaurawa. Ban ga ta buɗe littafi ba sai da muka fito.

"Bakwai," ta ce. "Huɗu na gida, uku na bishiya."

A nan aikin dillali yake farawa, ba a hoto ba. Mai saye yana so ya taya ƙasa, mai sayarwa yana jiran sama. Tayi mai kyau shi ne wanda zai ɓata wa mai gida rai amma ba zai sa ya miƙe ya kaɗe rigarsa ba. Idan ya ce albarka yana zaune, ciniki yana nan. Idan ya ce albarka yana neman takalmi, ka yi asarar man babur. Kwana uku muna haka. Umaru ya sauko, Malama ta hau, har ya rage kaɗan su haɗu. Akwai kuma wani mai hatsi da yake son gidan ya mai da shi sito, kuma ya fi ta kuɗi. Umaru ya ce ya fi son mutum ya zauna a gidan ubansa maimakon buhu, amma ba zai jira ya wuce ranar kasuwa ba.

Ranar Litinin muka zauna a ƙarƙashin mangoron don a ƙarasa. Umaru ya buɗe baki zai ce ya sallama. Sai ga wata tsohuwa ta turo ƙofa, da kwando a ka da doguwar gora mai ƙugiya a hannu. Ta gaishe mu a taƙaice, ta ajiye kwando, ta ɗaga gora ta fara tsinko mangoro. Ɗaya ya faɗo kusa da ƙafar Malama. Tsohuwar ta ce, "Miƙo mini."

Malama ta miƙa mata, don mutuniyar kirki ce. Sannan ta juyo ta ce, "Wannan wace ce?"

Umaru ya ce, "Goggo Dija ce, ƙanwar babana. Daga Wuro Patuji take zuwa."

"Tana taya ku cirewa ne?"

"A'a, nata ne."

"Mene ne nata?"

"Mangoron." Ya dube ni. "Baba Sali, ai na ɗauka ka sani."

Ku yaran yanzu ba ku san wannan ba. A wurin mutanenmu ƙasa daban, itace daban. Wanda ya dasa itace shi ke da shi, ko da ƙasar ta canja hannu sau biyar. A gona kowa ya san da haka, ana sayar da gona a bar ɗorawa ga mai ita. A cikin gari abin ya yi ƙaranci, shi ya sa na saki jiki. Tambaya ɗaya ce, da itace ko ba itace, kuma Malam Hammajoda ya koya mini ita tun ina riƙe keke. Na karta bango, na auna rijiya, na ba maƙwabciya goro, ban ɗaga kai na tambayi abin da ya fi komai girma a gidan ba. Goggo Dija ta dasa shi tana budurwa a gidan wanta, kuma ba ta taɓa fashin shekara ba.

Malama ta rufe littafinta. Ta ce, "Malam Sali, ka kawo ni in sayi gida da mutum a ciki."

Na ce ba a ciki take ba, zuwa take yi.

"Sau nawa?"

Goggo ta amsa ba tare da ta sauke gora ba. "Kullum, sai ya ƙare."

Washegari Malama ta zo gidana da sabon tayi. Ta yi lissafinta irin na makaranta. Tunda bishiya maki uku ce cikin bakwai, a cire kashi uku cikin bakwai na kuɗin. Na ce, "Malama, idan na kai wa Umaru wannan, ba takalminsa zai nema ba, nawa zai miƙo mini." Ta ce to a sayi bishiyar. Muka hau babur sai Wuro Patuji.

Mun tarar da Goggo tana jera mangoro kashi-kashi a faranti a ƙofar gida. Na ba ta goro ta karɓa. Na kawo maganar saye, ta mayar mini da goron.

"Ba na sayarwa, Sali. Mijina ya mutu, wannan bai mutu ba. Shi ke saya mini sabulu."

Malama ta ce, "Mama, to ni me zan samu? Saboda bishiyar nan na so gidan."

"Me kika gani a jikinsa?"

"Inuwa."

"Inuwa ba ni na dasa ba. Ki sha."

"Ganye fa? Wa zai share?"

"Mai gida."

"Wato ni shara, ke mangoro."

"Ke kika ce kina son gida," in ji Goggo.

A hanyar dawowa, da muka zo gada, sai Malama ta tsayar da ni. Ta ce in kai ta gidan nan mai tayil da ta ba shida, wanda ke kusa da mayo. Na kai ta. Gida ne mai kyau a hoto, Buba, irin wanda za ka tura wa mutane. Ɗaki uku, ƙofa tana kallon gabas, babu tsohuwa. Na durƙusa na nuna mata inda sabon fenti ya tsaya. Na ce ta sa hannu ta auna a jikinta. Ya kai mata ƙugu. Na ce ta auna a jikin ƙaramin jikanta. Ba ta auna ba.

Sai na yi mata tambayar da nake yi wa duk mai dogon buri da gajeren aljihu. Ba na tambayar mutum abin da yake so, don wannan ba ya ƙarewa. Na ce, "A gidan hayar da kike, mene ne yake ɓata miki rai kowace safiya?"

Ta ce layin banɗaki. Sayen ruwa a wurin 'yan ga-ruwa. Da zafin da ke hana ta zama a ɗaki da rana, ga shi babu inda za ta zauna a waje.

Na ce, "Tayil fa?"

Ta ce, "Tayil na gani ne a gidan hedimasta."

Na ce to gidan Umaru ya kashe ukun nan. Sauran takwas kwalliya ce, ana yin ta a hankali ko a mutu ba a yi ba, babu wanda ya taɓa kwana a waje saboda ƙofarsa ba ta kalli gabas ba. Gaskiya ne mangoro ya fita daga ciniki, don haka tana da hujjar ragi, amma ragin 'ya'yan itace, ba ragin bishiya ba. Na kuma ce ni na yi kuskuren, don haka a cire rabin la'adata a sa a cikin ragin. Kada ku ɗauka kirki ne. Idan labari ya zaga cewa Sali ya sayar da gida da bishiyar wani, albasa zan koma.

Ta ce in ba ta dare ɗaya. Ban san abin da ta yi da daren ba. Na dai san da safe, ranar kasuwa, ta zo da littafin an soke abu takwas da jan biro, ta ƙara ɗaya a ƙasa: a rubuta maganar bishiya a takarda, gaban jauro.

Cinikin gidan bai ɗauki minti goma ba. Ta taya, Umaru ya ce albarka yana zaune, ta ƙara kaɗan, ya sallama, aka tafa. Maganar mangoro ce ta kai mu la'asar. Jauro yana rubutu, Malama tana gyara masa rubutun, Goggo tana cewa a sake karanta mata da Fulatanci. An yarda Goggo za ta shigo da sallama, ba kafin ƙarfe bakwai ba, ban da safiyar Lahadi. An yarda ba za a sare reshe ba sai da izininta. Sai Malama ta ce, wanda ya faɗo da kansa fa? Ba za ta zauna tana gadin mangoro a ƙasa tana korar awakinta ba har a zo daga Wuro Patuji.

Goggo ta gyara zama. Sannan ta ce, "Na reshe nawa. Na ƙasa naki. Amma Allah ne zai kaɗo, ba jikokinki ba."

Malama ta ce, "Jikokina suna da tarbiyya."

"Suna da duwatsu kuma," in ji Goggo.

Aka rubuta, kowa ya sa hannu, Goggo ta dangwala yatsa. Malama ta tare kwana huɗu kafin wata ya ƙare. Na koma gida na ce na gama da wannan gidan.

Mako guda bayan nan aka yi iskar farkon damina. Da safe wayata ta yi ƙara, Malama ce, wai in zo yanzu. Na je na tarar da su biyu a tsakar gida, kowa ta ɗaga kai sama. Rassan mangoron sun haye rufin kicin, iska ta kaɗo kusan kwando guda, duk sun tsaya a kan kwano.

Malama ta ce, "Ya bar reshe. Nawa ne."

Goggo ta ce, "Bai taɓa ƙasa ba."

Aka ɗauko takarda. Reshe yana ciki, ƙasa tana ciki, kwano ba ya ciki. Na ce a raba biyu. Goggo ta ce ba ta raba abinta da kowa. Malama ta ce ita ma ba ta karɓar rabin haƙƙinta. Na ce to a bar wa tsuntsaye. Suka dube ni tare. Malama ta ce wa ya kawo wannan ciniki? Goggo ta ce wa ya zauna aka rubuta takarda bai tuna da kwano ba? Kafin in yi magana sun gama shawara: tunda laifina ne, in hau in kwashe in tafi da su, kada ɗayarsu ta ga ɗaya tana sha.

Na ari tsani a maƙwabta na hau. Shekara shida ke nan, duk iskar da ta kaɗa a lokacin mangoro sai an kira ni.

* * *

Nan Bappa ya tsaya, ya mayar da kayansa aljihu. Ɗaya daga cikin abokan Hamma Buba ya tambaye shi me ya sa ba a koma wurin jauro an ƙara layi ɗaya a takardar ba. Bappa ya ce a tambayi masu takardar.

Ni na samu amsar ba tare da na tambaya ba. Hanyar makarantarmu ta bi ta bayan gidan, kuma katangar ba ta da tsayi. Wata safiya bayan an kwana ana iska, na hango hular Bappa a saman kicin. Na rage tafiya. Yana durƙushe a kan kwano yana cusa mangoro a buhu, kowanne da tabo a gefe ɗaya inda ya bugu. A ƙasa Malama Kwanye ta riƙe ƙafar tsani ta dama, Goggo Dija ta riƙe ta hagu. A kan tabarmar da ke ƙarƙashin bishiyar akwai kofin shayi biyu, da faranti ɗaya na ƙosai da aka ci rabi.

Bappa ya leƙo ya ce gwiwarsa ta gaji da wannan aiki, jauro ya ce a shirye yake ya gyara takarda ko yau.

"Takarda ta riga ta sha hannu, Malam Sali," in ji Malama. "Ba a gyara jarrabawa bayan an ba da maki."

Goggo ta nuna da haɓa. "Ga wani can bayan bututun hayaƙi. Kada ka bar shi."